Ƙanena ya bar ƙwaya da giya, amma firgici na neman mayar da shi: ina neman shawara

Yayar Mai Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina bibiyar abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau lalura ta sa dole in yi tambaya, kuma ina roƙon waɗanda suka san harkar lafiya, da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, su taimaka mini da abin da suka sani.

Ƙanena ɗan shekara 27 ne, yana tuƙa adaidaita sahu a Kano. Ya fara shan tiramadol kimanin shekara 5 da suka wuce, a cewarsa don ya iya jure zirga-zirga tun daga asuba har dare, daga baya ya haɗa da kodin, a shekarar ƙarshe kuma giya ta shigo, wadda yake sha da dare domin ya samu ya runtsa. Bai yarda a kai shi asibiti ba sai ranar da ya faɗi a bakin titi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. An kwantar da shi mako 3 a asibitin ƙwaƙwalwa, aka sallame shi, yanzu yana komawa ganin likita duk bayan mako biyu. A iya saninmu, yau kwana 58 rabonsa da shan komai.

Muna cikin murnar haka sai wani abu ya ɓullo. Karon farko yana cikin sahu a masallacin Juma'a, ana raka'a ta biyu, sai ya ji gabansa ya yanke ya faɗi, zuciyarsa na dukan uku-uku, numfashinsa ya sarƙe, har ya yanke sallar ya ratsa mutane ya fita, ya dawo gida ba takalmi. Karo na biyu a gabana aka yi, wajen ƙarfe 2 na dare. Na same shi durƙushe a tsakar gida ya dafe ƙirji, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yatsun hannunsa sun lanƙwashe sun sandare, yana ta kalmar shahada yana cewa Inna ta yafe masa, domin shi kam tasa ta ƙare. Kafin mu tashi maƙwabci ya fito da mota mu isa asibiti, abin ya lafa, sai dai gajiya da kunya. An yi masa gwajin zuciya na ECG, an auna hawan jini da sukari, aka ce komai lafiya lau. Wanda ya duba shi ya ce mu koma gida, babu abin da ke damunsa, kuma wannan magana ta fi komai ƙona masa rai.

Daga ranar zuwa yau abin ya kama shi sau 7. Ya daina zuwa Juma'a, ya ajiye keken, ba ya yarda ya kwana shi kaɗai. Gida kuma ya rabu uku. Inna ta ce shafar aljanu ce, ta sa ana yi masa tofi da rubutu. Kawunmu ya ce duk dabara ce ta mashayi don a ji tausayinsa a bar shi ya koma, ya kuma kawo shawarar a kai shi gidan mari. Wani abokinsa kuwa ya sayo masa ƙwayar da suke kira D5 a kemis, ya sha ɗaya, ya ce ya ji daɗinta ƙwarai. Tambayata ita ce: mene ne wannan abu, yana kisa, kuma akwai laifi idan muka bar shi ya riƙa shan D5 ɗin duk lokacin da abin ya taso? Babban tsorona shi ne maganar da ya faɗa mini jiya, cewa lokacin da yake shaye-shaye bai taɓa jin irin wannan azaba ba.

Ma'aikacin Jinya, Kaduna, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma saka miki da wannan ɗawainiya. Ba zan iya tantance ciwon wanda ban gani ba, aikin likitansa ne, amma abin da kika bayyana ya yi daidai da abin da muke gani kusan kullum a ɗakin masu jinyar shaye-shaye, wato matsanancin firgici mai zuwa farat ɗaya. Yakan taso ba gargaɗi, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya lafa da kansa, galibi kafin rabin awa. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke dogara da shi ya lissafa alamomi 13, idan 4 suka haɗu a lokaci guda ana kiransa da wannan suna, ke kuma kin ambaci fiye da haka: bugun zuciya, gumi, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, sandarewar yatsu, da tabbacin cewa mutuwa ta zo.

Tunda direba ne, bari in yi bayani da abin da ya sani. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin da ke aikin birki, ana kiransa GABA, akwai kuma mai aikin totur, wato gulutamet. Giya tana ƙara wa birkin ƙarfi tana danne totur, shi ya sa mai shan ta yake jin jikinsa ya saki. Idan aka daɗe a haka, ƙwaƙwalwa tana rama wa kanta ta hanyar sassauta nata birkin da ƙara murɗa totur, don mutum ya iya tsayawa da ƙafarsa. Ranar da aka janye giyar, sai a wayi gari da keke mai ruɓaɓɓen birki, totur kuma a murɗe. Kodin da tiramadol su ma suna danne noradirenalin, sinadarin da ke tayar da jiki idan an ga haɗari, kuma idan aka daina su sai ya kwararo. Tiramadol tana da wani hali na daban da sauran 'yan'uwanta, domin tana taɓa sirotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai hannu a walwala da natsuwa, da kuma noradirenalin kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi, don haka barinta kan kawo wa wasu mutane fargaba mai tsanani, firgici, da ruɗewa, bayan ciwon gaɓoɓi da gudawa da hamma da aka saba gani. Zafin rabuwa da ƙwaya na farko yakan wuce cikin mako ɗaya ko biyu, amma rashin barci da saurin razana suna iya jan makonni ko watanni kafin ƙwaƙwalwa ta daidaita.

Sandarewar yatsun nan da ta tsorata ki tana da dalili mai sauƙi. Mai firgici yana numfashi da sauri fiye da buƙatar jikinsa, sai ya fitar da iskar kabon dayoksaid da yawa, hakan kuma ya kawo jiri, da jin kamar ana tsira allura a leɓe da yatsu, har hannu ya lanƙwashe. Shi kuma da ya ga haka sai ya ƙara tabbata mutuwa ce, ya ƙara haki, abin ya ƙara tsananta. Tsoro ne ke haifar da alamomin, alamomin kuma su ciyar da tsoron. Firgicin kansa ba ya tsayar da zuciya, ba ya kuma haukata mutum, kuma ba ƙarya yake yi ba: bugun na gaske ne, gumin ma na gaske ne. Wanda ya ce muku babu abin da ke damunsa ya so ya ce zuciyarsa lafiya take, amma bai iya faɗa ba.

Akwai bambanci guda da nake so duk mai karatu ya riƙe, saboda rai ya rataya a kansa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, idan ya daina kwatsam, karkarwa da gumi sukan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa cikin kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana na 2 da na 4 wasu sukan shiga mummunan ruɗewa, su riƙa ganin abin da babu, jiki ya yi zafi, su kasa gane inda suke. Wannan yana kisa, kuma wurinsa gadon asibiti ne. Mai firgici kuwa ya san inda yake, ya san ki, kuma abin yana wucewa. Ƙanenki ya wuce wancan mataki idan da gaske kwana 58 ne, amma in kuka ga ruɗewa, ko suma, ko jijjiga, ko ciwon ƙirjin da ya ƙi lafawa, ko mai zuwa idan ya yi aikin ƙarfi, to ku garzaya asibiti, kada ku ce ai wancan abin ne. Yana da kyau kuma a auna masa tayirod, wato halittar nan ta wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, a duba yawan jininsa, a kuma tabbatar ba shi da asma, domin duk suna iya kwaikwayon firgici.

Likitoci sukan so a samu kamar wata guda ba shan komai kafin su yanke hukunci ko firgicin saura ne na ƙwaya ko ciwo ne mai zaman kansa. Shi ya haura wannan, kuma ya riga ya fara ƙaurace wa masallaci da sana'arsa, wanda shi ne alamar da ta fi damuna. Kada ku jira ranar da aka ba shi. Ku koma ga likitan da ke kula da shi a wannan makon, ki raka shi, ki tafi da takarda mai ɗauke da ranar kowane farmaki, da lokacinsa, da abin da ya ci ko ya sha kafin nan. Da yawa daga cikin majinyatanmu ba sa faɗa wa likita wannan abu, suna tsoron a ce sun haukace a sake kwantar da su.

Tsohon Direban Tirela ya rubuta:

Hajiya, ni ba likita ba ne, amma na sha wannan ruwa har na ƙoshi, don haka bari in faɗi nawa. Shekarata 51, na yi shekara 16 ina shan giya, yau shekara 6 da bari, da ikon Allah. Abin da ban gane ba sai a asibiti shi ne, a wurina firgicin ne ya riga giyar. Tun ina yaron mota yake kama ni, musamman idan muka maƙale a cunkoso na rasa hanyar fita, ban kuwa taɓa faɗa wa kowa ba, domin a tasha idan namiji ya ce gabansa na faɗuwa ba dalili, dariya za a yi masa har ya bar garin. Wata rana a hanyar Legas wani ya miƙo mini kwalba, na ji abin ya kwanta, daga nan na ɗauka na samu magani. Abin da ban lura ba, kowace safiya bayan daren da na sha, faɗuwar gaban ta fi ta jiya, sai in ƙara sha don in kashe ta. Na daina da kaina sau 4, kowane karo kuma ya fi na baya wuya, kuma duk firgici ne ya mayar da ni, ba sha'awar giya ba. Don haka maganar da ƙanenki ya faɗa miki jiya, kada ki ɗauke ta da wasa, kada kuma ki yi masa faɗa a kanta. Ya gaya miki ne saboda ya yarda da ke.

Abu na farko da zan tambaya: me yake sha yanzu a madadin abin da ya bari? Ni da na fito asibiti na koma cin goro kamar ɗan akuya, ga Nescafe a wurin mai shayi safe da yamma, ga lemun gwangwanin nan na ƙarin kuzari, ga taba. Ina ganin ai duk halal ne, ba maye. Wata ma'aikaciya ce ta zaunar da ni ta ce dukkansu in ban da taba suna ɗauke da kafeyin, shi kuwa yana tayar da bugun zuciya, kuma sananne ne wajen tsokano firgici ga mai saurin kamuwa da shi. Na rage su sannu a hankali, na daina komai bayan azahar, na ga canji. Wiwi ma haka, idan akwai abokan da ke ce masa ganye ne kawai zai kwantar masa da hankali, ƙarya ne, tana iya tayar da firgici tun a zuƙar farko.

Abin da aka koya mini kuwa ya zo mini a baibai. Likitar halayyar ɗan'adam da nake gani ta sa ni in zauna a kujera in yi haki da gangan na minti ɗaya. Na ce mata ke kashe ni za ki yi. Na yi, sai ga jirin nan, sai ga allurar nan a yatsu, duk abin da nake ɗauka mala'ikan mutuwa ne, ashe ni nake kawo shi da numfashina. Muka zauna har ya wuce ban sha komai ba, ban gudu ba. Ta sa na hau bene da gudu don zuciyata ta buga, muka sake zama har ta lafa. Mako bayan mako muna haka, har jikina ya koyi cewa bugun zuciya ba sallama ba ce. Kada ku gwada wannan a gida kafin likita ya tabbatar da lafiyar zuciyarsa, amma ku tambaya ko akwai mai yin irin wannan aiki a asibitin da yake zuwa.

Idan abin ya taso yana gida, ga abin da maiɗakina take yi. Tana korar yara da masu leƙe, domin taron mutane da salati da kuka suna tabbatar wa mutum cewa mutuwa yake. Takan zauna kusa da ni ta ce, “Malam, shi ne dai, ya zo zai tafi, kamar na ran nan.” Sai ta riƙa ƙirga mini, in ja numfashi ta hanci zuwa huɗu, in sake shi a hankali zuwa shida, kamar mai hura koko mai zafi. Ba ta cewa in daure, ba ta cewa ba komai. Batun masallaci kuma, a mayar da shi da wuri amma da dabara: ya fara da sallar azahar a masallacin unguwa, a sahun baya kusa da ƙofa, tare da wanda ya san halinsa, daga nan a riƙa matsawa. Ni na yi wata 8 ina gudun kasuwa, kuma kowace ranar da na guje ta, tsoronta ƙaruwa ya yi.

Mai Harhaɗa Magunguna ta rubuta:

Ina so in tsaya a kan D5, domin ita ce tambayar da ta fi gaggawa. Sunanta diyazefam, ita ce Valium, kuma danginsu ɗaya da Rohypnol da matasa ke kira rochi. Tana kwantar da firgici, wannan gaskiya ne, kuma a nan tarkon yake, domin tana aiki ne a kan birkin nan na GABA da malam ma'aikacin jinya ya bayyana, wato wurin da giya take aiki. A asibiti ana amfani da ita da gangan a kwanakin farko na barin giya don hana jijjiga, a ƙarƙashin kulawa, ana rage ta kullum har a tsayar. Amma a ba wanda ya fito daga shaye-shaye ya riƙe a aljihu yana haɗiya duk lokacin da gabansa ya faɗi, wannan canjin kwalba ne kawai. Jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, ɗaya ta koma biyu, barinta kwatsam kuma yana kawo firgicin da ya fi na farko, har da jijjiga. Idan kuma ƙaddara ta sa ya zame ya haɗa ta da giya ko kodin ko tiramadol, suna taruwa su danne numfashi, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya yi makonni bai sha ba, saboda jikinsa ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba a da.

Akwai magungunan da aka fi zaɓa wa irin wannan majinyaci, kamar satralin da fuloksetin, waɗanda ba sa sa maye. Sai dai a san halinsu tun farko don kada a yi fushi da su: sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin amfaninsu ya bayyana, kuma a makon farko ko na biyu suna iya ƙara fargaba, shi ya sa likita yake farawa da kaɗan. Na ga mutane da yawa sun watsar da su a kwana na biyar suna cewa maganin ya ƙara musu ciwo. Abu mafi muhimmanci, ba a haɗa su da tiramadol, domin haɗuwar tana iya sa sirotonin ya yi yawa a jiki, ta kuma ƙara yiwuwar jijjiga, ga shi kuwa ya taɓa faɗuwa. Don haka dole ya faɗa wa likita gaskiya idan ya zame, ko da ƙwara ɗaya ce. Tiramadol da aka amince da ita a Najeriya mai miligiram 50 ce da 100, amma wadda ke yawo a hannun matasa takan kai 225.

Kina cewa “a iya saninmu”, kuma na ji daɗin wannan tsantseni. Ki tambaye shi a keɓe, cikin lalama, ko D5 ɗin ɗaya ce da gaske. Idan ya kasance yana sha kullum na tsawon kwanaki, kada ku ƙwace ku zubar a masai, ku kai wa likita katin yadda yake, shi zai tsara yadda za a janye ta.

A ƙarshe, kada ku ji kamar gidanku kaɗai abin ya faɗa wa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramadol da kodin ne. A shekarar ce kuma gwamnati ta haramta shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. An yi ta magana a kan kame da haramci, amma abin da ke samun mutum a wata na biyu da na uku bayan ya daina, ba kasafai ake jin sa ba.

Malamin Islamiyya, Zariya, ya rubuta:

Ina da ɗan abin cewa game da Inna da kawu. Kada ki yi jayayya da mahaifiyarku a kan addu'a, ki bar ta ta ci gaba, domin addu'ar uwa ba ta cin karo da maganin likita, kuma ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da zan ja hankali a kai shi ne yadda ake yin ruƙiyyar. Idan za a tara mutane a kansa, ana ɗaga murya, ana turnuƙe ɗaki da hayaƙi, ana ce masa akwai wani a jikinsa, to an ƙara wa mai tsoro abin tsoro, wanda numfashi ke sarƙe wa kuma an ƙara masa hayaƙi. Karatu cikin natsuwa da azkar ɗin safiya da maraice da zai yi da bakinsa sun fi masa. A kuma sanar da shi cewa yanke sallar da ya yi saboda lalura ba ta mayar da shi munafuki ba, domin na san irin wannan tunani yana cin matasa a ɓoye.

Gidan mari kuwa, ku ba kawu haƙuri cikin girmamawa, amma kada ku yarda. Duk mun ga abin da ya fito fili a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon duka. Yaron da ya amince da kansa ya je asibiti, ya yi kwana 58 yana riƙe da kansa, ba mai taurin kai ba ne da za a ce sai an lanƙwasa shi. Ku nemi wani dattijo da kawu ke jin nauyinsa ya yi masa magana, zai fi karɓa daga sa'ansa fiye da daga 'yar ƙanwarsa.

Yayar Mai Jinya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar malama mai harhaɗa magunguna na tambaye shi bayan sallar isha'i, muna zaune mu biyu a soro. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya shiga ɗaki ya ɗaga katifa ya ɗauko kati biyu, ɗaya ya ƙare, ɗayan saura ƙwara 4. Ashe kwana 12 ke nan yana sha kullum, wata rana biyu. Ya yi kuka, ya ce ya ɗauka tunda magani ne na kemis ba ya cikin lissafi. Ban faɗa wa kawu ba, kuma ba ni da niyyar faɗa.

Jiya Talata muka je asibiti da katin da takardar da na rubuta. Da na zauna rubutun ne ma na lura cewa biyar daga cikin bakwai ɗin sun zo ne ko dai da tsakar dare ko bayan ya dawo daga teburin mai shayi, inda ya ce yana shan Nescafe biyu a haɗe. Likitan ya saurare shi sosai a wannan karon, ya rubuta gwajin tayirod da na jini, ya tsara masa yadda zai rage diyazefam ɗin, maganin kuma a hannuna zai zauna ina ba shi. Ya fara masa satralin rabin ƙwara, ya kuma haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa gani duk Alhamis. Inna ta yarda a daina hayaƙin, ita take yi masa tofi da kanta da asuba.

Daren jiya abin ya sake tasowa wajen ƙarfe 3. Na kori kowa, na zauna ina ƙirga masa kamar yadda Baba direba ya ce, na ajiye agogon waya a gabansa. Minti 14 ya yi. Da ya lafa ya kalli agogon ya ce shi ya ɗauka an fi awa guda. Sauran tambayata ga Baba direba: mai keken ya aiko cewa idan bai dawo aiki ba zuwa ƙarshen wata zai ba wani, shi kuma yana tsoron abin ya kama shi da fasinja a tsakiyar titi, ga maganin da ake janye masa yana sa shi gyangyaɗi da rana. Kai wata nawa ka yi kafin ka sake riƙe sitiyari, kuma wa ya zauna kusa da kai a ranar farko?